Amsa ga ɗan'uwan da ke tambaya kan tatu da gasar nuna ƙwanji

Salam ɗan'uwa. Tun jiya da daddare na ga tambayarka, na wuce, na dawo, na sake wucewa, domin ta fama min tsohon gyambo. Ka ce saura wata biyar ka hau dandamali karo na farko, kuma kana son a zana maka tatu tun daga kafaɗa har tsintsiyar hannu, ya ɗan gangaro allon baya. Kana son sanin ko alƙalai za su rage maka maki, da kuma ko zai tare maka hanyar samun aiki nan gaba. Na ga 'yan'uwa sun ba ka amsa a taƙaice, wani ya ce ba komai, wani ya ce kada ka kuskura. Ni dai a jikina abin yake, don haka ka yi haƙuri da tsawon surutuna.

Ina da shekara 21 aka yi min nawa. Baƙi ƙirin, cike da tawada, ya rufe allon kafaɗata ta hagu ya zagayo kan damtse. Lokacin kilo 68 nake, ban san akwai ranar da zan tsaya gaban alƙalai da ɗan kamfai ba. Da na kai kilo 87 zanen ya buɗe, layukan da suke a miƙe suka karkace, musamman wajen da kafaɗa ta haɗu da hammata inda fata ta daddare. Wannan ma ka sa shi a lissafi, tunda kai yanzu kake cikin girma. Tsokar da ta ƙaru a hankali ba ta cika ɓata zane ba, amma wurin da fata ta tsattsage saboda saurin girma, nan kam sai dai haƙuri.

Kai tsaye ga tambayarka: ba a korar mutum daga gasa don yana da tatu, kuma ni ban taɓa tsayawa a gasar da aka ce ga adadin makin da ake cirewa saboda shi ba. Amma kada wannan ya ruɗe ka. Alƙali abin da idonsa ya gani yake ba wa maki. Duk wahalar nan ta mako goma sha shida na rage abinci da atisaye da muke sha kafin gasa, don a ga rabuwar tsoka da tsoka ne, a ga 'yan siraran layukan nan a kafaɗa da ƙasan baya. Kuma inuwa ce ke fito da su. Fitila ta doko daga sama, tudu ya yi haske, kwari ya yi duhu. To idan ka shimfiɗa baƙar tawada a kai, tudu da kwari sun zama launi ɗaya. Daga teburin alƙalai sai wurin ya zama kamar an liƙa maka baƙin ƙyalle. Ga kuma batun daidaito. Zane a gefe ɗaya yana jan ido, sai kafaɗa ɗaya ta yi kamar ta fi ɗaya ƙanƙanta alhali da tef ka auna daidai suke.

Ni ba zanen ne ma ya kashe ni ba, koci ne. Ba zan kama suna ba, ba don ya cancanci rufin asiri ba, sai don ba na son hayaniya a nan. Saura kwana uku gasa mutumin nan ya dube ni ya ce dole a rufe zanen, wai alƙalai ba sa son gani. Wata huɗu yana kallon bayana kullum, bai taɓa cewa uffan ba sai da aski ya zo gaban goshi. Ya kawo wani man rufe tabo mai kauri, irin na kwalliya, ya ce shi zai shafa min da hannunsa ranar. Na ce mu gwada tun yanzu mu gani ko zai zauna a kan rinin fata, wato launin da ake fesa wa jiki kafin a hau dandamali don tsoka ta fito. Ya ce shekara nawa na yi a harkar da zan koya masa aiki? Na ja bakina na yi shiru. Wallahi shirun nan har yau yana ci min rai.

Ranar gasa, a bayan dandamali, an riga an fesa min rini hawa biyu. Ya zo ya lafta man nan a kai, ya bi da mai na sheƙi. Na kama roba ina ja don jini ya cika tsoka, zufa ta fara tsattsafowa. Aka kira lambata a kiran farko, wato rukunin waɗanda alƙalai suka fi gani da kyau, kuma aka tsayar da ni a tsakiya. Tsakiya kuwa galibi wurin wanda ke kan gaba ne. Zuciyata kamar ta fito. Muka yi na gaba lafiya, muka yi na gefe lafiya. Aka ce a juya baya a ɗaga damatsa biyu. Ina matse bayana sai na ji wani abu mai sanyi yana bin tsakiyar gadon bayana a hankali, yana gangarawa ƙugu. Na ɗauka zufa ce. Sai na ji dariya daga kujerun gaba, ba ta mutum ɗaya ba. Ba ka iya juyawa, ba ka iya gogewa, dole ka ci gaba da matsewa kana murmushi ga bango. Da muka juyo, babban alƙali ya kira lambata ya ce mu yi musayar wuri da na ƙarshen layi. Takun nan huɗu da na yi zuwa gefe, ban taɓa tafiya mai nisansu ba.

Da na ga hoton daga baya sai da na zauna. Man ya narke ya haɗu da rinin ya zama ruwan ƙasa-ƙasa kamar laka, ya yi layi uku har kan kamfai, zanen kuma ya leƙo ta tsakiya rabi a rufe rabi a buɗe. Da ma barin sa aka yi yadda yake, da ya fi sau goma. Na biyar na zo. Kuma ka san me mutumin nan ya yi? A gaban sauran yaransa ya ce ai tun farko ya gaya min mai zane ba ya zuwa ko'ina. Shi da ya shafa da hannunsa! Washegari ya sa hoton ɗalibansa a shafinsa, ya yanke ni daga gefe, gwiwar hannuna kawai ake gani. Kuɗin wata huɗu ya karɓa cif, ko sannu bai ce min ba. Shekara shida ke nan, amma duk ranar da na ji ƙamshin man rinin nan sai cikina ya juya. Wai an ce a yafe. Na yafe, amma ban manta ba, kuma idan na ga yaro sabon shiga ya nufi wajensa sai na ja shi gefe.

Tunda na taɓo koci, bari in faɗi wannan ko da ba shi ka tambaya ba. Shi dai mutumin nan ne ya sa na daina shan ruwa kusan kwana biyu kafin gasar, har ya so ya ba ni ƙwayar fitar da ruwa, Allah ya taimake ni na ƙi. Duk wanda ya miƙo maka irin wannan ƙwaya a bayan dandamali, ka tuna da Mohammed Benaziza, ɗan wasan nuna ƙwanji da ya rasu a 1992 jim kaɗan bayan ya ci gasa a ƙasar Holan, kuma ana danganta rasuwar tasa da irin wannan ƙwaya. Ƙwararre ne fa, ba irinmu ba. Tatu a kan wannan wasan yara ne.

Bayan an tashi na samu ɗaya daga cikin alƙalan na tambaye shi gaskiya. Dattijo ne mai kirki. Ya nuna min cewa su ba ruwansu da zane, amma idan mutum biyu suka yi kunnen doki, wanda aka fi ganin bayansa shi zai wuce, kuma ƙazantar da ta zubo min ta fi zanen ɓata min tsayuwa. Shekara biyu bayan nan na koma ban rufe komai ba, rini kawai, na zo na biyu. A fata mai duhu, idan rini ya hau, baƙar tawada tana lafawa sosai, ba ta tsalle kamar yadda take yi a jikin farar fata. Wanda ya doke ni ya fi ni cinya ne, wannan ba ni da ja.

Za a kawo maka misalin manya, na sani. Lee Priest ɗan Ostireliya da zane har a fuska ya ci gasar Mista Yunibas ta ƙungiyar nuna ƙwanji ta NABBA a 2013. Dorian Yates da zanensa a hannu ya ɗauki Mista Olimpiya, babbar gasar ƙwararru, sau shida a jere, daga 1992 zuwa 1997. Gaskiya ne. Amma dubi inda na Yates yake, a sangalin hannu, ba a bayan nan nasa da ya gagari kowa ba. Shi kuwa Priest ya riga ya yi suna tun kafin ya taɓa fuskarsa. Ka ɗauko hotunan Lee Haney da Ronnie Coleman, masu kambun Olimpiya takwas-takwas, ka dubi bayansu ka ga ko akwai abin da ya tare ido. Mu da muke faɗa a kan rabin maki a ƙananan gasa ba mu da rarar da za mu yi kyauta da ita.

Don haka idan ka nace sai ka yi, wuri shi ne magana. Baya, kafaɗa, ƙirji, ciki da gaban cinya, nan ne kasuwarka, kada ka rufe shagonka da hannunka. Siririn layi da ke barin fata tana numfashi ya fi cikakken baƙi. Kuma ka duba rukunin da za ka shiga: masu dogon gajeren wando cinyarsu a rufe take, amma su ma kafaɗa da baya su ne jarinsu. Abin da ka kwatanta, kafaɗa zuwa allon baya, shi ne daidai inda nawa yake. Shi ya sa na kasa yin shiru.

Sannan wata biyar ɗin nan. Babban zane irin wannan ba a zama ɗaya ake gama shi ba. Kowane zama sabon rauni ne, allura tana kai tawada can ƙarƙashin fatar sama, kuma saman kawai yana ɗaukar mako biyu zuwa huɗu kafin ya warke. A kwanakin farko ba a son zufa mai yawa, ba a son gogar benci da kowa ya kwanta a kai, balle ka ɗora sandar ƙarfe a kan ɗanyen zane. Ga shi kana rage abinci, jiki ba ya saurin warkewa. Ga aske gashi da dirje fata da za a yi kafin rini. Wa ya aike ka? Ka bari a sauko daga dandamali mana. Idan bayan gasar har yanzu ranka na so, zanen ba gudu zai yi ba. Af, kuma ka duba jikinka: idan kana cikin masu yin tabo mai tudu, wanda ƙaramin yanka ke kumbura ya yi ƙulli, to ka ga likitan fata tukuna. Irin wannan tabo ya fi yawa ga masu duhun fata, kuma ƙirji da kafaɗa da saman baya ne wuraren da ya fi so.

Batun aiki kuwa, a jim, wato gidan motsa jiki, babu wanda ya taɓa damuwa da nawa. Wasu masu zuwa horo ma shi ne abin da suke fara tambaya a kai. Amma ƙarfe ba ya ciyar da yawancinmu, dole akwai wani aikin a gefe. Na taɓa zuwa ganawar neman aiki a wani kamfani, aikin tarbar baƙi, komai na tafiya daidai har aka kawo maganar rigar aiki mai gajeren hannu. Na faɗi gaskiya cewa zanena yana leƙowa ƙasan hannun riga kamar yatsa biyu. Matar ta rubuta wani abu a takarda, fuskarta ta canza, aka ce za a kira ni. Har yau ana kira. Nawa ke nan da ya tsaya a damtse, ina ga naka da zai kai tsintsiyar hannu?

Duniya tana sassautawa, ban musa ba. Kamfanin jirgin sama na Virgin Atlantic ya bar ma'aikatansa su bayyana zanensu tun 2022, Air New Zealand tun 2019. Sojan ƙasa na Amurka ma a 2022 sun yarda da ƙaramin zane a hannu da bayan wuya da bayan kunne, amma fuska har yanzu a'a. Sai dai kamfanonin jirage da yawa suna nan kan bakansu cewa kada a ga komai idan an sa rigar aiki. A Japan kuwa akwai wuraren wanka da na ninƙaya da gidajen motsa jiki da ba za su bar ka ka shiga ba sai ka rufe. Kai ba ka san inda rabo zai kai ka nan da shekara goma ba. Ni abin da nake gaya wa yara shi ne su sa riga mai dogon hannu su ɓalla maɓalli har wuya su tsaya gaban madubi, duk inda ido ke gani a bar shi yadda Allah ya yi shi.

Kada kuma wani ya ce maka ai ana gogewa. Na gwada leza zama uku na gudu. Zafin kamar ana fallatsa maka tafasasshen mai, kuma tsakanin zama da zama sai an jira mako shida zuwa takwas, ga shi babban zane yana cin zama da yawa. Baƙi ya fi sauƙin fita a kan kore da rawaya, amma a fata mai duhu akwai haɗarin wurin ya yi fari-fari, shi ya sa ake neman nau'in injin leza da ake kira Nd:YAG da hannun da ya saba da irin fatar. Ni yanzu ina da wani ɗan fili kamar tafin jariri a bayan kafaɗa da ya fi sauran jikina haske, rini ma ba ya kama shi daidai.

Idan ka riga kana da wani zanen a jiki kuma kana tunanin rufewa, don Allah ka tambayi masu shirya gasar ko sun yarda da man rufewa, sannan ka gwada shi mako biyu kafin ranar, da rinin da man sheƙin duka, ka yi atisaye har ka jiƙe da zufa, wani ya ɗauki bayanka a hoto ƙarƙashin fitila mai ƙarfi. Ka turo min hoton zanen da kake so da na bayanka ta akwatin saƙo in duba maka. Ni ma zan turo maka nawa na ranar nan, amma kada ka sa shi a nan.