Kun Tambaya, Mun Amsa: Ƙasar Kance, Tarihinta, Gonakinta da Jama'arta

Wasiƙun wannan karo sun taru a kan gunduma ɗaya, ta Kance, wadda da yawa har yanzu suke kira Matamaye. Mun zaɓi huɗu daga ciki.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a nan Damagaram, an ba mu aiki a kan gundumar Kance. Wani malami ya ce ƙasar Daura ce tun asali, wani kuma ya ce ta Damagaram ce. Wanne zan rubuta? Daga ɗalibi a unguwar Garin Malam.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Ka rubuta duka biyun, amma ka jera su bisa zamani. Kafin ƙarni na 19, wannan yanki na kudu maso yammacin Damagaram yana jingine ne da Daura, kuma har gobe auratayya da zumunci da kasuwa sun fi karkata can. Da jihadi ya iso Daura wajen 1805, aka kori sarakunanta na Haɓe, gidan sarautar ya watse zuwa arewa, daga baya wasu suka zauna Zango, wasu Baure. Wannan rarrabuwa ita ta buɗe wa Damagaram ƙofa. A zamanin Sarki Tanimu, wanda ya yi mulki mai tsawo daga 1851 zuwa 1884 kuma ya kewaye Birnin Zinder da ganuwa, ikon Damagaram ya bazu kudu, ƙasashen nan suka koma kai gaisuwa da haraji Zinder.

Faransawa sun kama Zinder a 1899. Iyakar da kake gani a Ɗan Barto ba sarakunan ƙasa suka shata ta ba. Ta fito ne daga yarjejeniyoyin Faransa da Ingila na 1898 da 1904 da 1906, aka bi ƙasa ana kafa alamu tsakanin 1906 da 1908. Layin nan ya bar Kance a hannun Faransa, Daura da Zango da Baure a hannun Ingila, alhali mutanen dangin juna ne.

Abin da ya kamata ka kiyaye a rubutunka shi ne bambancin sarauta da mulki. Kance ce gidan sarauta, kuma Sarkin Kance Amadu Isaka ya riƙe muƙamin minista a gwamnatin Diori Hamani. Matamaye kuwa ita ce mazaunin prefe, wato shugaban mulkin gunduma. Gundumar tana da ƙananan hukumomi 9: Matamaye, Kance, Ɗan Barto, Dungu, Kurni, Tsauni, Yawuri, Ishirnawa da Daushe. In za ka je ka gani da idonka, ka bi hanyar Maraɗi har Takeita, ka karya kudu, za ka fara isa Kance sannan Matamaye.

Tambaya: Malam, muna jin ana cewa Kance ta fi ko'ina albarkar ƙasa a jiharmu, ga rake ga rogo, amma kuma daga can ne mata da yara suke tafiya Aljeriya. Yaya ƙasa mai albarka za ta kori ƴaƴanta? Daga wata uwa a Sabon Gari.

Amsa: Hajiya, tambayarki ta taɓa inda ke mana ciwo. Ba mu manta da watan Oktoba na 2013 ba, lokacin da aka tsinci gawar mutum 92 a hamada arewa da Arlit, yawancinsu mata da ƙananan yara, akasari daga wannan yanki. Albarkar ƙasar gaskiya ce. Matsalar ita ce hannuwan da ke cikin akushin sun fi abin da ke ciki yawa.

Bari mu yi lissafi tare. Ƙidayar 2001 ta sami mutum 246,496 a gundumar. Ta 2012 ta sami 399,181. Wato ƙarin sama da kashi 4 cikin 100 kowace shekara, wanda in ya ɗore jama'a na ninkawa cikin shekara 17 ko kusa da haka. Faɗin gundumar kuwa bai kai murabba'in kilomita 2,500 ba, tana cikin mafi ƙanƙanta a jihar. Saboda haka tun a 2012 kowane murabba'in kilomita yana ɗauke da sama da mutum 160, a ƙasar da matsakaicinta bai kai 15 ba. In aka raba ƙasar duka, har da garuruwa da hanyoyi da maƙabartu da tabkuna, kowane mutum zai tashi da ɗan abin da ya haura rabin hekta. Yau kuwa an wuce shekara goma da wannan ƙidaya, jama'a sun ƙaru, ƙasar tana nan yadda take.

Yanzu mu shiga gida ɗaya. Mutum guda yana cin hatsi kusan kilo 230 a shekara. Gida mai mutum 8 yana bukatar kilo 1,840, buhu 18 da ɗoriya ke nan, in buhu na tiya 40 ne. Jigawar da ba ta sha taki ba tana ba da kilo 400 zuwa 500 a hekta a shekarar da damina ta yi daidai. Ashe gidan nan sai da hekta 4 zai ci shekara. To a ce uba ya bar hekta 4 ɗin, ya bar ƴaƴa maza 4 da mata 2. Bisa rabon gado kashi 10 za a yi, kowane namiji ya sami ƙasa da hekta ɗaya, kowace mace rabin haka. Kowannensu kuma zai kafa nasa gida. Rumbun da ke kai wa kaka a zamanin uba, a zamanin ƴaƴa wata uku ko huɗu zai yi ya ƙare.

Wadda ke fara jin jiki ita ce mace. A da maigida yakan yanka wa matarsa gamana, ta shuka gyaɗa ko riɗi ko yakuwa, kuɗin ya zama nata, da shi take bikinta da sunanta da kayan ɗakin ɗiyarta. Da gandu ya tsuke, gamana ce ta fara ɓacewa. A ganinmu duk maganar hana tafiyar nan da ba ta taɓa batun abin hannun mata ba, ba za ta je ko'ina ba.

Akwai kuma gurbin da gyaɗa ta bari. Bayan samun ƴancin kai gyaɗa ce kuɗin wannan yanki, kamfanin SONARA yana saye, akwai ma masana'antar matsar mai a Matamaye. Farin 1973 da 1974 ya karya ta, kuturtar gyaɗa da darɓa ta yaɗa a 1975 ta ƙarasa abin da ya rage. Ana noma ta har yanzu, amma ba ta koma matsayinta na da ba.

Tambaya: Na gaji gona a jigawa da ɗan yanki a fadama kusa da Dungu. Ina zaune a birni, ina so in koma in raya su. Ta ina zan fara? Daga magidanci a unguwar Karkada.

Amsa: Madalla, ɗan'uwa. Ƙasa iri biyu ka gada, kuma kowace da halinta.

Jigawar yashi ce, ruwa na ratsa ta da sauri, kuma tun da aka daina barin gona ta huta ƙarfinta ya tafi. Alamar gajiyarta ita ce ƙuduji ya yi ta fure a gindin hatsi. Babban maganinta yana cikinta, wato gawo. Wanda ya bi hanyar Kance da rani ya ga gonaki cike da shi, kore shar a lokacin da komai ya bushe. Gawo yana zubar da ganye da damina, saboda haka ba ya yi wa shuka inuwa, ganyen ya zama taki, ƴaƴansa kuma dabbobi su ci su bar kashi a wurin. Je ka dubi zangarniyar da ke ƙarƙashinsa ka gwada da ta nesa, za ka ga bambanci ba sai an faɗa maka ba. Yawancin gawon da ke Magariya da Matamaye da Mirya ba dasa shi aka yi ba, manoma ne suka daina sare tohon da ke fitowa, musamman bayan farin 1984. Kai ma lokacin sassabe kada ka yi wa gona ƙwal. A kowane kututture ka zaɓi tsiro biyu ko uku mafi miƙewa, ka cire sauran, ka datse rassan ƙasa har rabin tsayi da wuƙa mai kaifi, kana yankawa daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya tsage. Inda ake kuskure shi ne a aske tsiron a bar masa tukku kawai, iska ta karya shi ko akuya ta lanƙwasa shi. Ka ɗaura masa ƙyalle don masu neman itace su san da mai shi.

Takin zamani kuwa kada ka watsa. Ka sa cikin marfin kwalbar lemo ɗaya, kimanin giram 6 na takin da ake kira 15-15-15, a kowane rami. A hekta mai rami 10,000 kilo 60 ke nan. Sai ƙasa ta jiƙu sosai, kuma kada ya haɗu da iri kai tsaye, don in ruwa ya ɗauke bayan shuka zai ƙone tsiron. Takin gida ya riga shi shiga gona, in ba haka ba yashi ba zai riƙe shi ba.

Fadamar kuwa tana cikin kwarin Ƙorama, inda ruwa ke kusa, mita kaɗan ka same shi. Shi ya sa rake da rogo da dankali da tattasai da kabeji suke yi. Abokan gabarta biyu ne. Na farko kanwa: in ka ga ƙasa ta yi fari-fari da rani, ganye na ƙonewa daga baki, ta taso ke nan. Yawan ban ruwa kaɗan-kaɗan da tsakar rana yana jawo ta sama, gara ka shayar sosai da safe ko da yamma, ka rufe ƙasa da ciyawa, ka yawaita takin gida. Na biyu yashi da ke gangarowa daga tudu yana binne bakin fadama, wanda shinge da itatuwa a saman gangaren ke tarewa. Rake yana cin kusan shekara kafin ya ba ka kuɗi, don haka kada ka ba shi wurin duka, ka bar gefe na kayan miya da za su riƙe ka.

Tambaya: Kawuna ya karɓi jinginar gona shekara da shekaru, babu takarda. Yanzu ƴaƴan mai gonar sun zo. Me doka ta ce? Daga mai karatu a Matamaye.

Amsa: Jingina ba saye ba ce, komai daɗewarta, in an maido kuɗin gona ta koma ga masu ita. Dokar karkara ta 1993 ta amince da mallakar gargajiya, a ƙarƙashinta kuma aka kafa hukumomin filaye a matakin gunduma da ƙaramar hukuma da ƙauye, waɗanda ake kira Kofo. Ku fara zuwa wurin maigari da shaidun da suka san adadin kuɗin da iyakokin gonar, tun suna raye. In an daidaita, a rubuta takardar sulhu kowa ya sa hannu. In ba a daidaita ba a wuce wurin sarki, sannan kotu. In kuma za a sabunta jinginar, a cike takardarta a Kofo ta ƙauye, a rubuta kuɗin, da sunayen maƙwabtan gonar ta gabas da yamma da kudu da arewa, da wanda ke da ikon itatuwan da ke ciki, domin a kan gawo da dabino rigima ta fi tashi daga baya. Kowane ɓangare ya riƙe kwafi ɗaya, ɗaya kuma ya zauna a ofishin ƙaramar hukuma.