Amsa: Asalin Shotokan da kulob ɗinku ke koyarwa

Ɗan'uwa, ka tambaya ko gwamnatin Japan ce ta kafa Shotokan, salon karate da kuke koyo a kulob ɗin unguwarku. A'a, daga ƙaramin kulob ya faro.

Gichin Funakoshi, wanda ya assasa salon, malamin makaranta ne daga tsibirin Okinawa. A 1922 ya je Tokyo nuna karate a wani baje kolin wasannin motsa jiki da ma'aikatar ilimi ta shirya. Jigoro Kano, wanda ya ƙirƙiro judo, ya gayyace shi ya sake nunawa a Kodokan, cibiyar koyar da judo, daga nan Funakoshi ya yi zamansa a birnin. Ya sauka a Meisei Juku, masaukin ɗalibai 'yan Okinawa. Mutum mai shekara fiye da hamsin, yana shara yana gadi don ya samu na abinci, kuma a ɗakin taron gidan yake koyar da 'yan tsirarun almajiransa. Wallahi wannan ɓangaren ne ya fi taɓa min zuciya, kuma ya kamata malaminku ya riƙa ba yara labarinsa.

A 1924 aka buɗe kulob a Jami'ar Keio, wasu jami'o'i suka bi sahu. Tsarin ɗamara kuwa daga judo Funakoshi ya aro shi.

Almajiransa ne suka yi karo-karo aka gina zauren da ake kira Shotokan a shekarun 1930. Ruwan bama-baman 1945 ya ƙone shi ƙurmus. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu suka sake haɗuwa, suka kafa ƙungiyar karate ta Japan, wato JKA, a 1949. Funakoshi ya rasu a 1957.