Amsa ga ƙanwarmu da aka nema ta yi aikin wayar da kai

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kin ce wata ƙungiyar lafiya ta nemi ki riƙa kai wa mutanenmu saƙo idan annoba ta taso, kina tsoron a ce an saye ki, kuma ba ki san ta inda za ki fara ba. To, faɗa kam za a faɗa. Ni a nan Bronx, cikin birnin New York, lokacin korona, har 'yar rahoton jami'an shige da fice an kira ni.

Kada ki yarda su haɗa ki da tarin takardu. Dokar birnin New York ta 2017 ta ce a fassara sanarwa zuwa harsuna 10, akwai Larabci da Faransanci, babu Hausa. 'Yan Nijar kan tsinci wani abu a Faransancin, amma tsofaffinmu na zangon Kumasi fa? Murya ce ke shiga: gajeren saƙo a WhatsApp, daga bakin liman, ko mai kitso, ko mai shagon da muke sayen daddawa.

Kuma wallahi da muryar aka kashe mana mutum. Kin tuna dokar nan ta Amurka da ta fara aiki ranar 24 ga Fabrairun 2020, wadda ta ce cin tallafin gwamnati na iya hana mutum takardar zama? A watan Maris hukumar shige da fice da kanta ta ce gwaji da maganin korona ba sa ciki, amma wa ya gaya mana? Sai wani bawan Allah, kun san shi, ba zan kama suna ba, ya saki murya a zaurenmu cewa duk wanda ya je asibiti takardunsa sun lalace, in ya mutu kuma ƙona gawar za a yi. Maƙwabcina, dattijo direban tasi, ya ji ya yarda. Ya kulle kansa a ɗaki, daga citta da kanumfari sai sirace. Ta bango nake jin tarinsa, tun yana da ƙarfi har ya koma kamar ana jan buhu a ƙasa. Na tsaya bakin ƙofa ina roƙon matarsa, tana kuka tana cewa, "Yaya, ya rantse in na kira motar asibiti bai yafe mini ba." Ranar da ta kira, tafin ƙafarsa kawai na hango a kan gadon da suka sauko da shi. Ta waya ta kalli jana'izar mijinta. Shi kuwa mai muryar har gobe yana sahun gaba, da babbar riga da carbi, bai taɓa cewa a yafe masa ba. In na gan shi ranar Juma'a sai in canza hanya. Allah ya isa.

Su ma ƙungiyoyin ki yi hattara da su. Wadda na yi wa aiki, kyauta na yi ta fassara, da wayata da kuɗin katina, suka zo suka ɗauki hotuna suka tafi. Tambayoyin da na tattaro daga mata ko ɗaya ba a amsa ba. Ranar 13 ga Afrilun 2021 aka dakatar da allurar rigakafin korona ta Johnson & Johnson saboda batun daskarewar jini, daidai da kamun azumi. Wayata ba ta huta ba, waɗanda na lallaba suka yi allurar suna ta tsine mini, na kira ofishin babu mai ɗauka. Don haka ki kafa musu sharaɗi tun yanzu: su ba ki likita ko nas guda mai lamba, wanda zai dawo miki da amsa kafin gari ya waye, a riƙa zama duk mako ki kai musu jita-jitar da ke yawo. Kuma su biya ki, ba sadaka kike yi musu ba.

Idan Bakano ya tayar miki da gwajin maganin Pfizer na 1996, kada ki ce ƙarya ne, don ya faru, yara sun mutu. Ki amsa masa da haka tukuna, sannan ki kawo naki bayanin. Batun ko allura na karya azumi ki bar wa malamai, ba a bakinki za a ji ba. Limaminmu da ya je filin wasan Yankee, inda ake allurar korona a lokacin, ya naɗe hannun riga aka yi masa, hoton nan ya fi duk surutuna aiki.

Sannan mai jin yunwa ba ya sauraron wa'azin takunkumi. In za ki gidan da aka killace, ki riƙe shinkafa da mai. Marasa inshora a nan muna tura su NYC Care, shirin kula da lafiya na birnin New York, ba a duba matsayin takardu. Ki bincika ko garinku na da irinsa. Wane gari kike ma? Kuma don Allah ki sa su saya miki layi na daban, kada ki ba da lambarki ta gida.