Ga 'yar'uwar da aka kashe maigidanta, take tambaya ko fushi zunubi ne

'Yar'uwa, sannu, sannu da haƙuri. Kin ce an kashe maigidanki a hanyar dawowa daga wa'azi, kowa na ce miki ki gode ya zama shahidi, ke kuwa fushi ke cin ki, ga yara ba abinci. Tun jiya nake son amsawa, kuka ya hana.

Nawa maigidan a Michika, jihar Adamawa, aka kashe shi, Satumba 2014. Na bi ta duwatsu da yara huɗu har muka kai Yola, muka sauka a cocin St. Theresa inda Bishop Mamza ya buɗe wa 'yan gudun hijira ƙofa. Ni ba 'yar Katolika ba ce, amma ba wanda ya tambayi ɗarikata kafin a miƙo mana tuwo.

Abin da ya fi ƙona mini rai daga baya ya zo. Wani dattijo, a sujadar tunawa, ya kira maigidana jarumin bangaskiya har muryarsa na rawa. Bayan wata biyu na je gidansa rancen kuɗin makarantar babbar 'yata. Ya bar ni a tsaye a waje, rana tsaka, da goyo a baya. Ina ganin takalmansa a bakin ƙofa, ina jin ƙarar cokali a ciki. Can ya aiko yaro wai Ubangiji zai tanada. Ko ruwa ba a ba ni ba. Mutumin da maigidana ya sha yi wa noma! Na yi shekara ban iya cin jibin Ubangiji kusa da shi ba.

Ki yi kukanki. Waɗanda suka binne Istifanas, shahidin Kirista na farko, su ma sun yi makoki ƙwarai, yana nan a Littafi Mai Tsarki, Ayyukan Manzanni 8. Ki koma sura 6 kuma: aikin da aka fara zaɓensa dominsa shi ne rabon abinci, don ana manta wasu gwauraye. Duk mai yabon shahidi ya bar matarsa da yunwa, bai karanta wurin ba.

Kada ki daina zuwa zumuntar mata ko da ba kya iya waƙa. Su suka haɗa mini jarin ƙosai, mudu biyu na wake. Takardun gona kuma ki ɓoye tun yanzu, kafin dangi su fara magana. Gafara? Ina kan hanya, ban kai ba, kada kowa ya matsa miki.

Ki turo mini saƙo ki faɗa mini garin da kike da shekarun yaran. Ina da rabin buhun masara da kayan makarantar da 'yata ta girme.