Littafin ƙiriniyar yara: a shiga, amma ba da jarin kaye ba

Wani ɗan kasuwa mai rumfar kayan lakwal kusa da kasuwar Dole a Damagaram ya aiko mini da tambaya. Kaye (littafin rubutu) da bik da alli yake sayarwa, kuma jarinsa ya kai jaka 600. Ɗan ƙanwarsa Allah ya ba shi hannun zane, har ya zana labarin wani yaro mai ƙiriniya wanda kowa ya duba sai ya ƙyalƙyale da dariya. Wani mai ɗab'i a Kano ya yi masa kuɗi: kwafi 1,000, kowane ya kama sefa 300, shi kuma yana son ya sayar dala ɗari-ɗari, wato sefa 500 kowane. Ya ce: "In shiga da ƙarfina ko in haƙura?"

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Kada ka haƙura. Na daɗe ina jin takaicin yadda ƴaƴanmu ke tashi ba su taɓa riƙe littafin da ya ba su dariya da harshensu ba, alhali a nan Damagaram aka buɗe makarantar farko ta gwajin koyarwa da Hausa tare da Faransanci tun 1973, kuma a 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa harshen ƙasa. Gurbin yana nan a buɗe. Amma kwafi 1,000 a tashin farko, ban yarda da shi ba, kuma ga dalilina.

Mu ɗauki lissafinka yadda ka kawo shi. Kuɗin ɗab'i jaka 300. A ce ka ba mai zane jaka 50, ya zama 350, ban ma sa kuɗin mota ta Matameye da Daura da ɗawainiyar hanya ba. Rumfarka kaɗai ba za ta cinye kwafi 1,000 ba, dole ka ba wasu su sayar maka, su kuma sai ka bar musu aƙalla dala ashirin a kowane. Ke nan sefa 400 ke dawo maka. Raba 350,000 gida 400, za ka ga sai ka sayar da kwafi 875 kafin uwar kuɗinka ta dawo. Duk ribarka tana cikin 125 na ƙarshe, su ne kuwa waɗanda ƙura ke ci, gara ta lasa, wasu kuma su maƙale hannun wanda ya karɓa bashi. Kaye kuwa ka fi ni sani: abin da ka saro a Satumba, kafin Oktoba ta ƙare ya juya ya dawo da ɗan'uwansa. In ka kulle fiye da rabin jarinka a kwali, ranar komawa lakwal za ta same ka da rumfa rabi, abokan cinikinka su wuce gaba.

Abin da ya fi lissafin nan muhimmanci shi ne ka san wa kake sayar wa. Yaro ne ke karantawa, uba ko uwa ke biya, kuma abin da ke burge su ba ɗaya ba ne. Na taɓa tsayawa gaban wani teburin littattafai, wata yarinya da ba ta wuce shekara takwas ba ta ɗauki wani ɗan littafi mai zane, tana buɗewa tana toshe baki da gefen hijabinta don dariya. Mahaifinta ya karɓa, ya buɗe shafi biyu, ya ga hoton yaro ya ɗaure wa malaminsa gwangwani a bayan riga. Bai ce uffan ba, ya ajiye, ya saya mata kaye biyu, suka tafi tana waiwaye. Cinikin nan ya mutu a shafi ɗaya.

Saboda haka ka zauna da ɗan ƙanwarka ku bi zanen shafi-shafi. Ƙiriniya iri-iri ce. Akwai wadda gari ya yarda da ita: jika ya ɓoye wa kaka goro ta yi ta zarginsa da cewa mijin banza ne, taubashi ya tsokani taubashi, yaro ya shirya wa akuyar maƙwabta tarko ya faɗa da kansa, ƴan tashe su sa gemun auduga cikin azumi. Wasan barkwanci tsakanin dangi da ƙabilu na Nijar har UNESCO ta sa shi cikin al'adun gado na duniya a 2014, kuma tun kafin nan Gizo ke yi wa Ƙoƙi da manyan dawa wayo a bakin kakanninmu. Wannan rijiya ce da ba ta ƙafewa. Wadda iyaye ba za su biya kuɗi su kai gida ba ita ce raina mahaifi, wulaƙanta malami, wasa da wuta ko wuƙa, da yi wa naƙasasshe dariya. Kuma ka bari ɓarnar ta riƙa komawa kan mai ita ta hanyar ban dariya. Kada ku cika ƙarshen labarin da wa'azi, yaro na hango shi daga nesa ya rufe littafin.

Yanzu ga yadda nake son ka fara. Ware jaka 50 zuwa 70, kuɗin da in sun tafi ba za su taɓa sarin kaye ba. Ka yi kwafi 50 a nan gida, wurin masu injin buga takardu. Farar takarda huɗu in ka naɗe su biyu ka ɗinke da ƙusar takarda, sun ba ka shafi 16, wanda ya ishi labari ɗaya. Bango mai launi a takarda mai kauri, ciki baƙi da fari. Launi a ciki shi ke ninka kuɗin ɗab'i, kuma yara da yawa sun fi son su shafa nasu launin da kansu, kai kuma ga fensiran launi a rumfarka. Kowane kwafi zai fi na Kano tsada, wataƙila ma ba za ka ci ko dala ba. Ba komai, labarin kasuwa kake saye.

Ka ajiye kaye guda don wannan kawai. Rubuta wa ya saya, yaro ne da kuɗinsa ko babba, nawa aka taya, wa ya buɗe ya ajiye. Ka kai goma wata makarantar kuɗi a Sabon Gari ko Zango ka nuna wa darakta, domin masu raba kyauta ga ɗalibai a ƙarshen shekara, wajen Yuni, su ne ke iya ɗaukar 30 ko 40 lokaci guda. Sauran ka fito da su ranakun salla, lokacin da barka da salla ke aljihun yara kuma ba sai sun tambayi kowa ba. Oktoba ba lokacinsa ba ne, kuɗin iyaye duk ya tafi kayan dole.

In hamsin ɗin nan suka ƙare cikin wata biyu har ana tambayar na biyu, to sai ka nufi Kano, ka nemi farashin 500 tukuna. Ku yi ciniki a rubuce, ka canja sefa zuwa naira ranar biya kawai tunda naira ba ta zama wuri ɗaya, ka ba da rabi, sauran sai ka ga kaya. Kada ka yarda a hau bugu sai an nuna maka samfuri ka karanta da idonka. Haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, sukan ɓace in kwamfutar mai ɗab'i ba ta da su, sai "ɓarna" ta fito da ɗan akwati a goshi. Sannan mu a Nijar ƴ muke rubutawa, su can sukan sa waƙafi a gaban y. Yaron da ke koyon karatu a lakwal ɗinmu ya kamata ya ga harafin da malaminsa ya koya masa.

Sai maganar yaron nan mai zane, kuma ita ce nake roƙonka kada ka ɗage. Don yana ɗan ƙanwarka ba shi ne zai sa aikinsa ya zama kyauta ba. Ku rubuta a gaban shaidu biyu: ko ka biya shi dunƙule a kan wannan bugu, ko yana da kaso a kowane kwafi. Sunansa ya fito a bango, kuma ku nemi yi wa aikin rajista a hukumar kare haƙƙin mawallafa ta ƙasa, BNDA. In ya ga amfanin hannunsa, zai zauna ya zana na biyu da na uku, a nan kuwa kuɗin yake, domin yaron da ya so wannan ɗan ƙiriniya zai dawo neman abin da ya sake aikatawa, ya kuma ja abokansa su sayi na farkon.

Bayan salla ka aiko mini da abin da ka rubuta a kayen nan, mu duba tare ko 500 ɗin sun yi, ko a sake wani hamsin da bango daban.