Tambaya da Amsa: Inshorar Babur da Kuɗin da Ke Jiran Mai Koyo

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne mai shekara 20. Kawuna ya saya mini babur Boxer na hannu domin zuwa makaranta, kuma har yanzu koyo nake yi, da yamma nake fita da shi a cikin unguwa. Wasu abokaina sun ce inshora ta masu mota ce, wasu kuma sun ce in bari sai hannuna ya faɗa. Shin dole ne in yi ta tun yanzu? Nawa ne kuɗinta, kuma idan aka sace babur ɗin ko na faɗi da shi za a biya ni? Ina kuma son sanin sauran kuɗaɗen da zan tanada. Daga wani mai karatu a Samaru, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya saka wa kawunka da alheri, ya kuma sanya albarka a abin hawan. Malam, abokanka ba su faɗa maka daidai ba. Wajabta inshorar abin hawa a Nijeriya tsohon abu ne, tun dokar 1945, kuma doka ta shafi duk wani abin hawa mai inji da zai hau titin jama'a, ba ta ware babur ba, ba ta kuma ɗage wa mai koyo ba. Rundunar 'yan sanda ta sanar da cewa daga ranar 1 ga Fabrairun 2025 za ta tsaurara binciken takardar inshora a kan hanya.

Wadda doka ta ce dole ita ce inshorar da ke biyan wanda ka yi wa ɓarna. Bisa farashin da hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta ƙayyade tun daga 1 ga Janairun 2023, kuɗinta ga babur Naira 3,000 ne a shekara, kuma kamfani zai biya har Naira miliyan 1 idan ka lalata dukiyar wani. Diyyar rauni ko rasa rai tana da nata lissafi daban, ba ta cikin wannan miliyan ɗin. Adaidaita sahu Naira 5,000 yake biya, motar gida kuwa Naira 15,000.

Amsar tambayarka ta uku ita ce a'a, kuma a nan ne mutane da yawa suke ruɗewa. Wannan inshora ba za ta biya ka ko sisi ba idan aka sace babur ɗin, ko ka zame a yashi ka fasa fitila, ko kai da kanka ka ji ciwo. Amfaninta yana bayyana ne ranar da kuloci ya kuɓuce maka a kwana, ka afka wa teburin mai kayan miya, ko ka goge ƙofar motar wani, ko kuma, Allah ya kiyaye, ka buge yaron da ya fito da gudu daga lungu. A irin wannan rana jama'a za su taru, a yi ta ba da haƙuri, amma kuɗin asibiti da na gyara suna nan suna jiran wanda zai biya, kuma a mafi yawan lokuta kan iyaye ko kawun da ya sayi babur suke faɗawa. Mai koyo ya fi kowa kusa da irin wannan tsautsayi, shi ya sa nake ganin shawarar a jira sai hannu ya faɗa ta juya lamarin a baibai.

Idan kana son a biya ka asarar babur ɗinka, sai ka nemi cikakkiyar inshora, wadda ta haɗa da sata da gobara da haɗari. NAICOM ta ce kuɗinta kada ya gaza kashi 5 cikin 100 na darajar abin hawa, wato babur ɗin da aka yi wa kuɗi Naira miliyan 1 zai biya aƙalla Naira 50,000 a shekara. Ka tambaya tun da wuri nawa ne kason da za a bar maka ka biya da kanka a kowace asara, domin ƙananan gyare-gyare sau da yawa a cikin wannan kaso suke ƙarewa.

Akwai sharaɗin da ya shafe ka kai tsaye, kuma ina roƙonka ka ba shi muhimmanci. Takardar inshora tana fayyace wanda ya halatta ya tuƙa abin hawan, kuma galibi tana cewa sai mai izinin tuƙi. Saboda haka ka fara zuwa ofishin lasisi na jiha ka karɓi takardar izinin koyo, ka maƙala alamar L gaba da baya, sannan ka gaya wa kamfanin inshora ƙarara cewa kai mai koyo ne, ka nemi su tabbatar maka a rubuce cewa takardar ta ƙunshe ka. Wanda ya ɓoye wannan ya ba kamfani hujjar da zai tsaya a kanta ranar biya. Haka kuma inshorar babur na gida ba ta ɗaukar nauyin haya, don haka kada wani ya ja ka zuwa ɗaukar fasinja da sunan neman kuɗin mai.

Tun da babur ɗin na hannu ne, inshorar mai shi na farko ba ta biyo shi zuwa hannunka ba. Ka karɓi rasidi da takardar sauya mallaka, ka durƙusa ka duba lambar inji da lambar da aka buga a jikin ƙarfen wuya, ka ga ko sun yi daidai da abin da ke rubuce harafi da harafi. Ka kuma guji masu tare mutane a bakin ofishin lasisi suna miƙa takarda mai tambari a farashi mai rahusa, domin ta bogi ta yi yawa. Bayan ka biya, ka danna *565*11# a wayarka, ka shigar da lambar babur, rumbun bayanan kamfanonin inshora na NIID zai nuna maka ko an yi maka rajista da gaske.

Sauran kuɗaɗen sun fi na inshora nauyi nesa ba kusa ba. A farashin da ya fara aiki a watan Yunin 2025, lambar babur Naira 12,000 ce, lasisin tuƙinsa kuma, wato aji na A, Naira 7,000 na shekara 3 ko Naira 11,000 na shekara 5, bayan jami'an duba ababen hawa, wato VIO, sun gwada ka. Jihohi suna da nasu ƙananan kuɗaɗen rajista a kan wannan. Sai hular kwano, wadda hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta fara tilasta sanyawa tun Janairun 2009. Ka sayi mai kauri da igiyar ɗaurewa a haɓa, ka ɗaure ta ko da kan layi za ka, domin hular leburorin gini da wasu ke kifawa a ka ba a yi ta don faɗuwar titi ba. Ka ware wani abu kowane wata na bakin mai da fulogi da faci, ka kuma kai babur ɗin wurin bakanike ya duba birki da sarƙa da tayoyi kafin ka fara nisa da shi. Fetur kuwa, tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023, shi ne zai fi cin aljihunka.

Idan haɗari ya auku, ka fara kai wanda ya ji rauni asibiti, ka sanar da 'yan sanda, ka ɗauki hoton wurin, ka kira kamfanin inshora a ranar. Sulhu alheri ne, amma kada ka sa hannu a kan wata yarjejeniyar biya kafin kamfanin ya sani.

Tambaya: Ɗana mai shekara 16 yana ɗaukar roba-robar mahaifinsa idan an aike shi kasuwa. Babur ɗin yana da inshora, shin ta shafi yaron? Maigidan kuma yana kokwanton halaccin inshorar, har yana cewa ba zai sabunta ta ba. Daga wata uwa a Katsina.

Amsa: Hajiya, ba a ba da lasisin tuƙi a Nijeriya sai ga wanda ya cika shekara 18, saboda haka ɗanki ba ya cikin waɗanda takardar ta yarda su tuƙa, kuma idan ya yi ɓarna kada ku sa ran kamfani zai ɗauke muku nauyin. Na san aiken yara a kan babur ya zama ruwan dare a garuruwanmu, amma shawarata ita ce a karɓe makullin har ya kai shekarun, ya kuma koya a hannun babba.

Game da kokwanton maigida, malamai da dama sun yi magana a kan inshorar da aka saba da ita saboda riba da rashin tabbas da ke cikinta, kuma wannan ne ya sa aka samar da takaful. A tsarin takaful mahalarta suna zuba gudummawa a asusu ɗaya domin taimakon wanda asara ta samu, ana juya kuɗin ta hanyar da shari'a ta yarda, idan kuma an samu rara a raba musu. NAICOM ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013, kuma akwai kamfanoni masu lasisi irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful, waɗanda takardarsu ta abin hawa karɓaɓɓiya ce a wurin hukuma. Ki ba shi shawara cikin ladabi ya tuntuɓi malamin da ya amince da shi, ya kuma nemi ofishin takaful kafin wa'adin takardar da ke hannunsa ya ƙare.