Yariman Sigmaringen Zai Iya Sama wa Ƙanena Takarda?

Tambaya: Malam, ƙanena ya isa Jamus, an sauke shi a wani barikin soja a garin Sigmaringen. Hankalin Inna ya tashi, gani take tsare shi aka yi. Ga wani kuma ya ce mu turo kuɗi, wai yana da hanya a fadar yariman garin, za a sa baki a ba shi takardar zama. Mu tura?

Amsa: Ko sisi kada ku tura. A kwantar wa Inna da hankali. Barikin nan, mai sunan Stauffenberg, hafsan da ya dasa wa Hitler bam a 1944, sojoji sun tashi daga cikinsa. A 2015 aka mayar da shi masaukin masu neman mafaka. Ba gidan yari ba ne.

Zancen yariman ne yake ci mini tuwo a ƙwarya, don kullum sai na ji shi. Fada dai tana nan, bisa dutse a bakin kogin Danube, da ɗakinta cike da sulke da takubba. Gidan Hohenzollern, wato dangin yariman, sun riƙe garin tun 1535. Ɗansu Karl ya hau mulkin Romaniya a 1866. Tayin sarautar Sifen da aka yi wa yayansa Leopold shi ya kunna yaƙin Faransa da Farusiya, babbar masarautar Jamusawa, a 1870. A 1944 Hitler ya kwashe iyalin daga fadar ya zaunar da Pétain, shugaban Faransa da ya haɗa kai da shi, da gwamnatinsa ta Vichy, har Afrilun 1945. Da irin wannan tarihi 'yan damfara suke yi muku romon baka.

Abin da ba za su faɗa muku ba: tun 1849 gidan ya miƙa wa Farusiya mulki. Tsarin mulkin 1919 kuma ya soke gatan 'yan sarauta a Jamus baki ɗaya, sarauta ta koma suna kawai. Iyalin suna da fada, suna da dazuzzuka, amma ba su naɗa kowa, ba su sauke kowa. Kuna auna shi da sarkinmu na gida da zai ɗaga waya a saurara masa. Can ba haka ba ne! Hukumar tarayya ta BAMF ce take yanke hukunci kan mafaka, in ta ƙi, sai kotu. Wanda ya yi muku alkawarin wata ƙofa ta baya, kuɗinku yake so, kuma in ya haɗa wa yaron takardar bogi, yaron ne zai amsa laifin.

Ku ce wa yaron ya nemi masu ba da shawara na ƙungiyar agaji ta Caritas ko na Red Cross, kyauta ne, kuma kada ya kuskura ranar ganawarsa da hukumar ta wuce shi.